Allah Mai Biko: Yadda Misalin Aure Ya Iso Gidajenmu a Ƙasar Fika

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa na Potiskum, da Fika, da Gadaka, da Kukar Gadu, da ƙauyukan kewaye, Bolewa da Karekare da Ngizim da Ngamo, ku da kuke yin yarenku a tsakar gida, ran Lahadi kuwa ku yi sujada da Hausa.

Duk wanda ya saba zuwa ɗaurin aure a majami'a ya san inda fasto zai buɗe. Afisawa sura 5 ce, inda Manzo Bulus ya kwatanta miji da mata da Almasihu da ikkilisiyarsa. Mun sha jin wannan har kunne ya saba, ana karantawa hankalinmu yana kan kayan amarya da tukwanen abinci. Yau muna so mu bi sawun wannan misali, daga inda ya taso har ya iso ƙasarmu. Wanda ya bi sawun kuwa zai tarar cewa a gidan da aure ya lalace aka fara shi.

Wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin Yerobowam na biyu, sarkin Isra'ila ta arewa, akwai wani annabi mai suna Yusha'u. Ƙasa tana cikin wadata a lokacin, rumbuna cike, kasuwa tana ci. Mutane ba su ce sun rabu da Ubangiji ba. Abin da suka yi shi ne, suka haɗa shi da Ba'al, gunkin Kan'aniyawa, wanda aka ɗauka shi ne mai ba da ruwan sama da albarkar gona. Manomi ya fi kowa gane irin wannan jaraba. Idan damina ta makara, gero ya fara murɗewa, mutum yakan tuna da tsohon wurin da kakanni suke yin yanka, a gindin wata bishiya ko a kan wani dutse, ya ce a ransa, a taɓa nan a taɓa can, wa ya sani. Haka Isra'ila ta yi.

Sai Allah ya umarci Yusha'u ya auri mace wadda ba za ta riƙe amanar aure ba. Ya auri Gomer 'yar Diblayim. Ta haifi 'ya'ya uku, sunayensu kuwa wa'azi ne. Na fari Yezreyel, sunan kwarin da aka zubar da jini. Ta biyu Lo-ruhama, wato wadda ba a ji tausayinta ba. Na uku Lo-ammi, wato ba mutanena ba. Ku yi tunanin ranar suna a gidan nan, an taru, an raba goro, a ce sunan yaro ke nan. Duk lokacin da aka kira yaron cin tuwo, unguwa ta ji hukuncin Allah.

A nan ne al'adarmu ta ba mu kalmar da za ta buɗe mana littafin. Mun san yaji, mun san biko. Mace takan yi yaji idan an ɓata mata, ta ɗauki ɗan ƙunshinta ta tafi gidan iyaye. Miji ya bari kwana biyu, zuciya ta huce, sa'an nan ya nemi wani dattijo ko aboki su je biko. Ya zauna a zaure, kansa a ƙasa, surukai su faɗa masa abin da ba ya so ya ji, ya ba da haƙuri, wani lokaci har da ɗan turmin zane, kafin a ba shi matarsa. Mai zuwa biko yawanci shi ne mai laifi, ko aƙalla yana da rabonsa a ciki. To, a littafin Yusha'u abin ya juye. Mijin ba shi da laifi. Matar ma ba gidan iyayenta ta nufa ba, bin waɗansu maza ta yi, tana tsammani su ne suke ba ta abinci da sutura da mai, alhali daga rumbun mijinta suke fitowa. Duk da haka a sura ta 3 aka ce wa annabin ya tashi ya je ya ƙaunace ta. Ba a ambaci sunanta a surar ba, amma yawancin masu nazari sun ɗauka Gomer ce. Ya same ta a halin da sai an biya kafin a sake ta. Ya biya shekel 15 na azurfa, ya cika da sha'ir. A Fitowa 21:32 kuɗin bawa shekel 30 ne, shi ya sa waɗansu suke ganin azurfar da sha'ir ɗin, in an haɗa, kuɗin baiwa ke nan. Mutumin da ya cika ciniki da hatsi, da alama kuɗin hannunsa ne suka ƙare, ya shiga rumbu.

Akwai wani abu kuma a sura ta 2 da bai kamata ya wuce mu ba. A Ibrananci kalmar ba'al tana nufin mai abu, ubangida, ana kuma kiran miji da ita. Allah ya yi alkawari cewa rana tana zuwa da mutanensa za su bar kiransa da wannan kalma, su kira shi da kalmar da mace take kiran mijinta na ƙauna. Ya kuma ce zai juya sunayen 'ya'yan, wadda ba a ji tausayinta ba a ji tausayinta, wanda ba nasa ba ya zama nasa. Isra'ila ba ta saurara ba. A shekara ta 722 Assuriyawa suka ci Samariya, suka kwashe mutanen. Amma littafin ya tsira, ya gangara kudu zuwa Yahuza.

Bayan shekara ɗari da wani abu, Annabi Irmiya ya ɗauki maganar. Shi ma ya taɓa wani wuri mai wuya. Bisa ga Maimaitawar Shari'a sura 24, macen da aka saka, ta auri wani, ba ta da hanyar komawa wurin mijinta na fari, ko da na biyun ya mutu. (Ku lura, wannan ya sha bamban da abin da muka sani a wurin 'yan'uwanmu da maƙwabtanmu Musulmi, inda bayan saki uku sai mace ta yi wani aure kafin a yi kome.) Irmiya ya tuna wa mutanensa wannan doka a farkon sura ta 3, domin su gane cewa bisa ga shari'a ƙofa ta rufe musu. Amma a cikin surar nan ɗaya Allah ya yi ta kiransu su komo. Ezekiyel, wanda ya yi annabci a zaman bauta a Babila, ya ba da labarin Urushalima kamar jaririyar da aka yar a jeji ba a ko yanke mata cibi ba, Allah ya tsince ta, ya raine ta, ya aure ta, ya yi mata ado, ita kuwa ta kwashe adon ta kai wa gumaka. Bayan rushewar Urushalima a wajen 586, littafin Ishaya sura 54 ya yi wa birnin magana kamar matar ƙuruciya da aka bari na ɗan lokaci, yanzu kuwa za a dawo da ita ɗakinta.

Littafin Waƙar Waƙoƙi kuwa, wanda fastocinmu da yawa suke jin nauyin karantawa a gaban jama'a, waƙar soyayya ce tsakanin saurayi da budurwa. Malaman Yahudawa sun karanta shi a matsayin ƙaunar Allah da Isra'ila. Rabbi Akiba, wanda ya rasu wajen shekara ta 135 bayan haihuwar Almasihu, ya ɗaukaka shi bisa sauran rubuce-rubuce masu tsarki, har yau kuma Yahudawa suna karanta shi a Idin Ƙetarewa.

Sa'ad da Yesu ya zo, bai yi dogon bayani a kan misalin ba, shiga cikinsa ya yi. Alamarsa ta fari a gidan biki ya yi ta, a Kana ta Galili. Da aka tambaye shi dalilin da almajiransa ba sa azumi, ya kira kansa ango (Markus sura 2). Duk Bayahuden da ya san Yusha'u ya san wane ne Angon Isra'ila, don haka maganar ba ƙarama ba ce. Yahaya Maibaftisma ya kira kansa abokin ango, mu kuwa mun san aikin abokin ango: shi ne mai kai da kawowa, mai sayen baki, mai shan wahalar biki, amma amarya ba tasa ba ce, in an gama ya koma gidansa da murna.

Yanzu mu koma ga Afisawa 5. A duniyar Romawa da Helenawa ba wanda zai yi mamaki don an ce mace ta yi wa mijinta biyayya, kowane malamin zamanin ya faɗi haka. Abin da ya zama sabo shi ne abin da aka ɗora wa miji. Ku ƙirga ayoyin da kanku. Daga 22 zuwa 24 aka yi wa mata magana, daga 25 kuwa har kusan ƙarshen surar maza ake yi wa, an ce su ƙaunaci matansu yadda Almasihu ya ba da ransa domin ikkilisiya. Aya ta 21, wadda akan tsallake ranar ɗaurin aure, ta ce dukan masu bi su yi wa juna biyayya. Bulus ya kuma yi zancen wanka. A wurinmu tsofaffin mata ne suke yi wa amarya wanka da lalle kafin a kai ta, ango ba ya kusa. A nan kuwa Angon da kansa ne ya wanke amaryarsa, ya kawar mata da kowane tabo. Hausawa sukan yi wa amarya kirari cewa ba ta laifi ko ta kashe ɗan masu gida. Wasa ne, kowa ya sani, bayan mako biyu laifinta zai fito. Amma ga wata amarya da ta yi laifin da gaske, Ɗan Mai gida ya mutu saboda zunubinta, aka kuwa karɓe ta marar aibi.

Daga nan misalin ya bi ƙarnuka. Orijen, malamin Iskandariya ta Masar, ɗan Afirka ke nan, wanda ya rasu wajen 254, ya rubuta sharhi a kan Waƙar Waƙoƙi, ya ce amaryar ikkilisiya ce, ita ce kuma ran kowane mai bi. Barnad na Kilabo a Faransa ya yi wa'azi 86 a kan littafin, ya rasu a 1153 bai wuce farkon sura ta 3 ba. A 1520 Martin Luta, a ɗan littafinsa a kan 'yancin Kirista, ya ce bangaskiya tana kama da zoben aure: abin ango ya zama na amarya, na amarya ya zama na ango. Amarya ta zo da bashin zunubi da mutuwa, Ango ya ɗauka, ya ba ta adalcinsa da ransa. Mu da muka san yadda iyaye suke cin bashi domin kayan ɗaki da gara, don kada a yi wa 'yarsu gori a gidan miji, mun san nauyin a ce an kai amarya hannu wofi, da bashi a kanta, dangin ango kuma suka tarbe ta da guɗa.

To, yaya wannan magana ta iso mu?

Bolewa sun daɗe da sarautarsu. Daga dutsen Daniski suka sauko suka kafa Fika a farkon ƙarni na 19, a 1924 kuma, zamanin Turawa, aka mai da fadar Moi Fika zuwa Potiskum. Masarautar Musulunci ce, yawancin Bolewa kuwa Musulmi ne har yau. Bayan da Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna. Mishan ta SIM, wadda mutanenta uku na fari, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka Ikko a 1893, ba ta sami ƙofa a irin waɗannan wurare ba sai a shekarun 1930. A yankinmu ta zauna a wurare kamar Kukar Gadu da Gadaka, da ɗakin magani da ajin karatu, bishara kuwa ta fi samun shiga a cikin Karekare da Ngamo. A 1954 ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka zama ECWA.

Littafin da masu bishara suka riƙo a hannu na Hausa ne. An gama buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa a 1932, aikin da Likita Mila na CMS a Zariya ya jagoranta tare da waɗansu, sabuwar fassara kuma ta fito wajen 1980. Wato kakanninmu sun ji labarin Ango da amarya cikin harshen kasuwa, harshen da ba shi suka sha a nono ba. Rediyo ya ƙara ƙarfafa wannan. Rediyo ELWA ta fara watsa shiri daga Monrobiya a 1954, tana ɗaukar shirye-shiryen Hausa a Jos, har yaƙin Laberiya ya rufe ta a 1990. Muryar Bishara ta yi magana daga Adis Ababa tun 1963 har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. A gida da yawa, tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta akwatin rediyo ta fara jin sunan Yusha'u, jika yana juya mata da yare. Harsunan namu kuwa suna nan da ransu. A 2004 aka buga ƙamus na Bole, da na Ngizim, da na Karekare, da na Ngamo a nan Potiskum, aikin Farfesa Russell Schuh da Dokta Alhaji Maina Gimba tare da 'ya'yan waɗannan kabilu.

Amma misalin bai shigo gidajenmu da sauƙi ba, dole mu faɗi wannan. Ya tarar da maza masu mata biyu da uku, aurensu kuma halal ne bisa ga al'ada, an biya sadaki, dangi sun shaida. Mishan suka ce Almasihu ɗaya, ikkilisiya ɗaya, saboda haka miji ɗaya, mata ɗaya. Koyarwar tana da tushe tun daga Farawa sura 2, ba mu ja da ita ba. Wahalar tana wurin mutumin da bishara ta same shi da matansa. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambet, a 1888, ya yanke cewa kada a yi wa mai mata da yawa baftisma, sai dai ya zauna yana koyo, yawancin mishan kuma a kan wannan hanya suka bi. Abin da ya biyo baya mun gan shi. Wani dattijo ya yi shekara talatin yana zama a bencin baya, shi ne ya ba da filin da aka gina majami'a, amma bai taɓa cin jibin Ubangiji ba, gama ya ƙi ya kori uwar 'ya'yansa. Wani kuma ya zaɓi ɗaya, sau da yawa ƙaramar, ya sallami uwargida, ta koma gidan 'yan'uwanta da furfura, 'ya'yanta suka tashi suna ganin addinin ubansu ne ya kori uwarsu. Da sunan Allah mai zuwa biko aka mai da mata zawarawa ba da laifinsu ba. A ganinmu, na farkon ya fi na biyun kama da Yusha'u. Sai bayan shekara 100, a 1988, taron Lambet ya sāke shawara: a yi wa irin wannan mutum baftisma tare da matansa da 'ya'yansa masu ba da gaskiya, kada a tilasta masa ya saki kowa, shi kuwa ya yi alkawari ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikinsu tana da rai, jama'ar ikkilisiyar wurin kuma su yarda. Wannan shawarar Angilikan ce, sauran ɗarikoki kowace da tata ƙa'ida.

Akwai wata karkata kuma da ta fi wannan yawa a yau. Maza sukan karanta misalin su ce, ni ne a matsayin Almasihu a gidan nan. Sun manta cewa a gaban Allah kowane mai bi, da fasto da dattijo da mai gemu, a gefen amarya yake zaune. Mu ne Gomer. Namijin da ya gane haka ba zai ɗaga hannu a kan matarsa ba, dattawan ikkilisiya kuma ba za su mai da mace mai kumburarren ido ɗakinta da kalmar haƙuri kaɗai ba, ba tare da sun zaunar da mijin ba. Zumuntar mata sun daɗe da sanin wannan, su ne sukan fara jin kukan.

Sashe na ƙarshe na tarihin, da jikinmu muka koye shi. A wurin Yahudawa baiko yana da ƙarfin aure, shi ya sa da Yusufu ya so rabuwa da Maryamu, saki ya yi niyyar yi a ɓoye, ko da yake ba a kai ta ɗakinsa ba tukuna. Bulus ya ce wa Korantiyawa ya yi musu baiko da miji ɗaya. Wato ikkilisiya tana zaune tsakanin baiko da ranar kai amarya, an biya sadaki, ba a zo ɗauka ba. Littafin Wahayin Yahaya, inda aka yi zancen bikin Ɗan Rago a sura 19 da birni mai ado kamar amarya a sura 21, daga tsibirin Batmusa aka rubuta shi, zuwa ga ikkilisiyoyi bakwai da suke cikin tsanani.

Potiskum ta san irin waɗannan kwanaki a shekarun rikicin Boko Haram. A watan Mayu 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu. A daren jajiberin Kirsimati na shekarar aka kashe mutum 6 a wata majami'a a ƙauyen Peri, har da fasto. A Nuwamba 2014 bam ya tashi a makarantar kimiyya ta gwamnati, ɗalibai fiye da 40 suka mutu, 'ya'yan gari ne, makoki ya shiga gidajen Musulmi da yawa. Ran 5 ga Yuli 2015 ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga majami'ar Redeemed ya kashe mutum 5. Gidaje suka rabu, uwa da yara a Jos ko Gombe ko Bauchi, maigida ya tsaya tsaron gona da aiki. An ɗaga bukukuwa, waɗansu aka ɗaura su da safe a gurguje, ba kiɗa, kowa ya watse kafin dokar hana fita. Matan da suka zama gwauraye a shekarun nan, da aka karanta musu Ishaya 54, ba sai an yi musu sharhi ba. Waɗanda suka komo bayan ƙura ta lafa kuwa, suka share majami'u, suka sāke jera bencina, suka ci gaba da ɗaura aure da Afisawa 5.

Kafin shirinmu na gaba, muna roƙo a karanta Yusha'u sura 1 zuwa 3 a kowane gida, da dare bayan tuwo. Wanda ya iya karatu ya juya wa tsofaffi da yaren gida, Bole ne ko Karekare ko Ngizim ko Ngamo, a kuma tambaye su kalmar da kakanni suke kiran biko da ita, da yadda ake yinsa a dā. Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu buɗe Matiyu sura 25, labarin 'yan mata goma da fitilunsu. Sai mun sāke saduwa.